Kujerar Bakin Ƙofa

Ni ce auta a gidanmu, kuma Umma ta riƙe ni kamar ƙwai a cokali. Ko shagon bakin layi zan je, sai ta leƙo ta taga. Shi ya sa da Koci ta ce ƙungiyarmu ta ƙwallon hannu za ta je gasa wani gari, tafiyar yini guda, kuma har da ni, na san akwai jan aiki a gabana.

Na yi roƙo, na yi kuka, na yi wankin da ba a sa ni ba. Sai da Yaya ya sa baki ta yarda, amma ta kafa min sharaɗi.

"Ko ƙwarzane kika dawo min da shi, ke da ƙwallo har abada. Kin ji ni ko?"

Ranar tafiya har bakin bas ta raka ni. Ta tsare Koci ta karɓi lambarta, ta karɓi ta direba, saura kaɗan ta nemi ta kakarsa. 'Yan mata suna ta ƙunshe dariya, ni kamar in nutse. Kunyar nan ce ta hana ni neman lambar kowa, ga shi ni sabuwa ce a cikinsu.

Su sun daɗe suna tafiye-tafiye tare, kowa da abokiyar zamanta, biyu-biyu. Ni na samu 'yar kujerar bakin ƙofa, wadda take naɗe kanta da zarar an tashi, ni da buhun ƙwallaye. Kuma su ba sa ƙirga mutane. Duk inda aka tsaya, in za a tashi Kyaftin za ta ɗaga murya, "Kowa da tata?" Kowa ta dafa ta kusa da ita ta ce, "Da tawa," direba ya ja. Har alfahari suke yi wai ba su taɓa barin kowa a hanya ba. A tsayawar farko na dafa buhun na ce, "Da tawa." Doguwa mai tsaron raga ta yi dariya har da tari, ta miƙo min lemo. Abin ya yi min daɗi ba kaɗan ba.

Bayan rana ta take muka tsaya a wani gidan mai. Banɗaki ɗaya ne, layi har bakin famfo. Ni sarkin kara, duk wadda ta zo sai in ce ta wuce, har na zama ta ƙarshe. Ina fitowa, ina yarfe ruwan hannuna, na ga wayam. Babu bas, sai bawon lemo a inda ta tsaya. Kowa ta dafa tata, lissafi ya cika, sun yi gaba.

Matar da ke da shagon ruwa a wajen ta dube ni ta dubi titi.

"'Yar nan, ba ku ne masu rawayar riga ba? Kira su mana tun ba su yi nisa ba."

In kira wa? Mutum ɗaya ce a duniya na san tana da lambar Koci, kuma ita ce wadda bai kamata ta ji ba.

Na zauna a kan akwatin kwalabe na ce zan jira, ai dole wata ta waiwaya. Duk farar mota irin tamu da ta ɓullo sai in miƙe. Haushi ya cika ni, na zage su tas a raina, har da Doguwa da lemonta. Daga baya haushin ya wuce ya bar ni da tsoro zalla. Inuwar shagon ta bar ƙafafuna ta miƙa har bakin titi, kuma na san duk jinkirin da na yi nisa suke ƙarawa. Na share hawaye na danna kira, ina ji a jikina ƙwallon ce nake yi wa sallama.

"Har kun isa?" in ji Umma.

"Umma, sun tafi sun bar ni."

Na jira ihu, ban ji ba.

"Akwai mace babba kusa da ke? Ba ni ita."

Suka yi magana, mai shago tana ta "To Hajiya, in sha Allahu Hajiya." Ta maido min da waya ta ce Umma za ta kira Koci, ta ja ni ciki ta zaunar a bayan kantar shagon.

Da bas ta dawo, tun kafin ta gama tsayawa Doguwa ta diro ta ɗaga ni sama. Kyaftin ta kasa haɗa ido da ni, Koci sai haƙuri take bayarwa. Ni dai na san da sauran magana. Sai ga kiran Umma.

"Sun zo?"

"Sun zo. Umma, in zauna in jira Yaya ne?"

"Ya ɗauki makulli, na ce ya ajiye. Kin ci rabin hanya, ki dawo ki ce kin je ina? Shiga mota ki je ki buga ƙwallonki. Allah ya tsare."

Murya garau, ko rawa babu. Na buɗe baki zan yi godiya, sai na ji ƙarar ajiye waya a kan tebur. Ashe ta manta ba ta kashe ba. Daga nesa na jiyo ta tana ce wa Yaya, "Zo ka riƙe ni, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata." Sai kuka, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba.

Direba ya danna hon. Na tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala, waya a kunne, ina jin Yaya yana cewa, "To in je in ɗauko ta mana."

"A'a," in ji Umma, tana jan numfashi. "Ƙyale ta ta je."