Bakan Gogo MaNdwandwe

"Mama MaShezi, miƙo mana," in ji Bhekani daga bakin kabari. "Ƙasa muke jira mu tura."

An riga an saukar da akwatin uwarsa, Gogo MaNdwandwe, an bi shi da tabarmarta da bargonta, yadda ake yi wa kayan da suka saba da jikin mamaci. Saura ugubhu, dogon bakan nan mai tsirkiya ɗaya da ƙwarya ɗaure a jikinsa, wanda tsohuwar ke kifawa a ƙirji tana kaɗawa da tsinken ciyawa. Yana hannun maƙwabciyarta MaShezi, kuma wallahi ita kanta ba ta san ya za ta yi da shi ba.

Shekara talatin tana jin kukansa ta shingen da ya raba gidajensu, tana mita wai ya hana kajinta ƙwai. A duk tudun nan babu sauran mai kaɗa shi. Ranar Talata da ta kai wa tsohuwar kunun masara, sai tsohuwar ta cafke mata hannu.

"Ke sarkin mita, kada ki bari su binne shi. Na uwata ne."

"Haba Gogo, ni da ko tafi ban iya ba?"

"Kunne fa? Shi ma ba ki da shi?"

Ranar Laraba kuma, a gaban idonta, tsohuwar nan ta dubi ɗanta da ya zo daga Durban ta ce, "Ka sa min shi kusa da kaina. Me zan ce wa uwata in na je hannu sake?" Alhamis da hantsi ta cika.

To wace maganar ce ta hankali, wace ce ta zazzaɓi?

"Ni fa ce min ta yi..." MaShezi ta fara.

"Ai kina wurin da ta faɗa min, Mama."

"Ina wurin. Amma kai ba ka wurin ranar Talata."

Fasto ya yi gyaran murya. Wata daga cikin mata ta ce a saka, kada tsohuwa ta dinga dawowa a mafarki tana nema. Wata ta ce a'a, abin da ke magana ba a rufe shi da ƙasa. Bhekani ya buɗe baki, kuka ya zo masa, ya juya baya. Mazan da ke riƙe da shebur suka ɗauka umarni ke nan na su tura ƙasa.

MaShezi tana ji ƙasar farko ta faɗa kan akwatin, bakan yana hannunta. Ta ɗaga ƙafa za ta matsa, ƙafar ta ƙi. Tsoro ya kama ta, don ba ta san wa ta saɓa wa ba.

A ƙofar gida an ajiye bahon ruwa da ganye don masu dawowa daga kabari su wanke hannu. Ta duba wanda zai riƙe mata bakan, kowa ya kau da kai. Sai ta rungume shi da hagu ta wanke dama, ta mayar da shi dama ta wanke hagu.