Ranar da Baba Jaji Ya Koma Fagen Maza

"Ku ajiye shi! Na ce ku ajiye shi!"

Fatsuma ta tare ƙofar gidan da hannu biyu tana huci. Samari huɗu suka yi cirko-cirko a tsakar gida, makarar masallaci a kafaɗunsu, Baba Jaji kwance a kai, da ransa, har yana gyara hula.

"Wane irin abu ne wannan? Mutum da ransa a kan makara? Muntaka, har da kai?"

Ɗan nata ya sunkuyar da kai. Tsohon ne ya amsa, muryarsa a dusashe amma cike da tsokana.

"Yo ke Fatsuma, jaki ba na iya hawa, goyo kuma na girme shi. Bari in ɗan gwada ta, in ji ko tana da daɗin kwanciya."

Samarin suka ƙunshe dariya. Ita kam ba ta ga abin dariya ba.

Tun da aka kawo ta Tudun Gaji tana amarya, katanga ɗaya ta raba ta da Baba Jaji, kuma da furfurarsa ta same shi. Ya yi yaƙi da maharan Ningi tun yana saurayi, ya ga basasa, ya ga zuwan Nasara. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare bai zauna ba. Shi ne gaban gayya, shi ne mai haƙa kabari, shi ne mai raba faɗan maƙwabta da tsawa ɗaya. Ya binne matansa da 'ya'yansa duka, sai gari ya zame masa iyali, kuma shekara da shekaru kunun Fatsuma yake karyawa da shi. Labarin yaƙi kuwa, in ya fara sai ka gudu, don mazan da ya kayar ƙaruwa suke yi duk lokacin da ya maimaita. Wuri ɗaya ne bakinsa bai taɓa zuwa ba, wato Fagen Maza.

Fagen Maza fili ne a bayan duwatsu, ta wajen hanyar Dutse, ƙasa baƙa wuluk da ta huta fiye da shekara hamsin. A can aka tare mahara wata shekara, a can aka binne waɗanda suka faɗi, cikin gaggawa. Yanzu hari ya ƙare, gonakin bakin gari kuma sun gaji, ba sa fidda komai sai ƙuduji. Yunwar bara ta ɗauke wa Fatsuma miji da 'ya'ya mata biyu, ta bar mata Muntaka kaɗai. Shi ma ya ɗaure ƙunshinsa, ya ce in bai sami inda zai shuka ba, ranar kasuwa zai bi ayari zuwa haƙar kuza. Ta san waɗanda suka tafi can, ta kuma san ƙalilan ne suka dawo.

Da mutane suka nemi a buɗe filin, limamin gari Malam Sharhabilu ya ce akwai Musulmi kwance a ciki, ba zai yarda fartanya ta taɓa wurin ba sai an san inda suke. A cikin waɗanda suka yi binnewar, Baba Jaji kaɗai ya rage a duniya. Ga shi ido ya rufe, ga ciwo ya kwantar da shi tun bazara. Jiya kuma aka yi ruwan shuka.

"Baba," in ji Fatsuma, "in ka cika a hanya me za a ce da ni? A ce na kashe tsoho don ɗana ya sami gona? Ka faɗa musu da baki mana."

"Baki bai san wurin ba, 'yar nan. Hannu ne ya sani." Ya mai da numfashi. "Wannan damina dai ba da ni za a yi ta ba, ke ma kin sani. To bari a more ni tukuna. Kauce."

Tana son tsohon nan kamar uban da ya haife ta, tana kuma tsoron wayewar garin da za ta leƙa ɗakin Muntaka ta tarar babu kowa. Ta sauke hannunta. Ta koma ta ciko gora da ruwa, ta bi bayansu tana sharar hawaye da gefen mayafi.

Kafin su fita gari, kowa ya ji. Maza suka biyo da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoren iri a ka, Malam Sharhabilu na gefen makarar riƙe da sanda. Wata tsohuwa da ba ta ji labari ba ta hango su ta fasa salati, sai gawar ta ɗago kai ta ce, "Lauratu, adana kukanki, da saura."

A Fagen Maza dariya ta ɗauke. Duwatsu ne birjik, manya da ƙanana, kowanne kamar ɗan'uwansa. Baba Jaji ya ce a kai shi inda duwatsu biyu suka yi ƙofa, ya ce akwai saran gatari a jikin ɗaya. Aka sauke shi, Muntaka ya tallafe shi ta baya, ya dinga shafa dutse da tafin hannu. Babu. Aka matsa gaba, babu. Aka koma inda aka fara, ya sake shafawa har fatar hannunsa ta goge. Rana ta ɗaga, danshin ƙasa ya fara tashi, mutane suka fara ƙus-ƙus.

"Tsufa ne, ya manta."

"An wahalar da bawan Allah a banza."

Fatsuma ta dubi Muntaka, ta ga idonsa na kan hanyar kudu, wadda ayarin kuza ke bi. Ta durƙusa ta kai wa tsohon gora baki. Ya kurɓa kaɗan, ƙirjinsa na sama da ƙasa.

"Baba, ya isa haka. Mu koma gida. Allah ya ga niyyarka."

"Ke kin durƙusa ne?" ya tambaya.

"Na durƙusa, Baba."

Can ya saki wata dariya da ta ƙare da tari.

"Kai, Jaji, ka tsufa! A tsaye nake nema, alhali a durƙushe na sara. Ran nan da kibiya a cinyata. Muntaka, tona gindin nan!"

Muntaka ya zube ya shiga tono da hannu. Ƙasar da ruwan shekaru ya tara a gindin dutsen ta dinga zubewa gefe. Tsohon ya zura hannu cikin ramin, yatsunsa suna bin dutsen a hankali, sai suka tsaya. Fatsuma ta leƙa. Ga sara nan a gicciye, ya cika da laka.

"Ga su," in ji Baba Jaji. "Daga nan zuwa inda dutsen ya ƙare, a jere suke, suna duban gabas." Ya ɗaga murya yadda ba a ji ta ba tun shekaru. "Assalamu alaikum, mazan fama! Idirisu. Ɗanladi ɗan maƙeri. Bubayero, da ka bar shanunka ka zo ka taya mu. Sale mai dogon baka. Arzika, ƙanena."

Duk sunan da ya kira, sai wani a cikin taron ya ce, "Kakana ne," ko wata ta rushe da kuka. Malam Sharhabilu ya zagaye wurin da sandarsa yana ja a ƙasa, ya ce a kawo ƙaya a shinge. Ya ɗaga hannu aka yi addu'a. Da aka shafa ya juyo ya ce, "Abin da ke wajen shingen nan halal ɗinku ne. Bismillah."

Guɗa ta tashi, duwatsu suka amsa. Makaɗin gayya ya saki ganga. Baba Jaji ya ce a zaunar da shi, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama.

"Ni ne Jaji na Gaji! Na tare ƙofa da ƙirji, mahara suka juya! Ba su ci garinmu ba, ba su ci gonarmu ba! Ku sara, 'ya'yana, taku ce!"

Dagaci ya fara nuna wa kowane gida rabonsa, ya ba Muntaka wanda ke jikin shingen. Fatsuma ta ga ɗanta ya tuɓe riga ya ɗaga sungumi, wani daɗi ya cika ta. Ta zauna a inuwar dutsen kusa da tsohon.

"Ya fara?"

"Ya fara, Baba."

"Layinsa a miƙe yake, ko irin na ubansa?"

"Irin na ubansa," ta ce, tana dariya tana kuka.

"Allah ya shirya." Ya jingina kai da dutsen, yana kaɗa yatsa daidai da ganga. Ta ji yana salati ƙasa-ƙasa, sau ɗaya, sau biyu. Da ta juyo don ta ba shi sauran ruwan, yatsan ya daina motsi.

Ba a mai da shi gari ba. Malam Sharhabilu ya ce wurinsa na nan kusa da ƙanensa. Aka ɗebo ruwa a ƙorama, aka yi masa sutura da farin da dagaci ya aika aka kawo, garin duka ya yi sahu a cikin sabuwar gona. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin jana'iza mai jama'a haka ba a Tudun Gaji.

Bayan la'asar mutane suka tsaya jugum, ba wanda ya san ko ya dace a ci gaba.

"Danshi ba ya jira," in ji liman. "Shi ma ba zai so ku jira ba."

Muntaka ya ɗauki sunguminsa. Fatsuma ta ɗauki ƙoryar gero ta bi shi, tana jefa iri a kowane rami tana rufewa da diddige. Da suka iso sabuwar ƙasar kabarin Baba Jaji da ba ta bushe ba, ya ɗan karkata layin, ita ma ta karkata, suka wuce gaba.