Ɗorawar Inna Asiya

Ɗorawar da ke tsakiyar gonar Kawu Inuwa ba tasa ba ce, ta mahaifiyata ce, Inna Asiya. Da kakanmu ya rasu aka zo rabon gado, Kawu ya ɗauki gonar, ita kuma aka ba ta wani ɗan yanki a bayan gari, aka cika mata da bishiyar. A wajenmu nan ƙasar Gezawa wannan ba baƙon abu ba ne. Mutum zai noma gonarsa shekara talatin, bishiyar da ke ciki ta wani ce, kuma ba zai tsinki ko ɗa ɗaya ba sai ya tambaya. Ba a rubutawa. Kowa ya sani, shi ke nan.

Da wannan bishiyar Inna ta riƙe mu bayan rasuwar babanmu. Ni nake hawa in kaɗo, ita ta fitar da garin, ta wanke kalwar ta dafa daddawa, a kai kasuwa. Ba wata babbar sana'a ba ce, amma ba mu taɓa zuwa ƙofar kowa ba.

To sai gari ya fara matsowa. Da farko tifofin yashi muke gani suna wucewa. Sannan aka buɗe gidan bulo a bakin titi, sannan wani. Bara da kaka Kawu ya sayar da gonarsa ga wani dillalin filaye, Alhaji Khalilu. Ban ga laifinsa ba, iyali sun yi masa yawa, kuma maƙwabtansa na gabas da na kudu duk sun sayar. Cikin mako guda aka tuge gambar da ke kan iyaka, aka zo da igiya aka yi awo, gonar da muke cin gero da wake a cikinta ta koma fuloti goma sha huɗu, kowanne da turakun siminti a kusurwa. Ɗorawar ta faɗa cikin na bakwai.

Na je na sami Kawu na tambaye shi ko ya gaya musu bishiyar ba ta cikin cinikin. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ya sayar da rana. Ya ce shi gona ya sayar, wa ya isa ya sayar da ɗorawar Asiya? Na ce to an sa a takarda? Ya ce mai unguwa ma yana wurin, shi ya sa hannu a shaida, ai shi ma ya sani.

Na ce, “Kawu, mai unguwa ya sani. Mutanen birnin fa?”

Ya ce in bar ɗaga hankalin uwata a banza.

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma karatuna bai wuce firamare ba, amma na san takarda ba ta jin “kowa ya sani”. Na yi ta gadin wurin har na haɗu da wanda ya sayi fuloti na bakwai. Malam Tajuddeen sunansa, malamin makaranta ne a birni, shekara goma sha ɗaya yana haya a ɗaki biyu da 'ya'ya biyar. Na yi masa bayani a hankali, ina tsoron ya yi mini dariya. Bai yi ba. Ya zagaya bishiyar, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Lokacin ta gama fure, 'ya'yan sun fara zubowa sirara kore. Ya ce shi bai taɓa jin irin wannan al'ada ba, amma ba zai gina gida a kan haƙƙin marainiya ba, ya gyara ya ce tsohuwa, muka yi dariya. Ya ce zai ja ginin baya, bishiyar ta zauna a tsakar gida, ya sha inuwa mu kuma mu zo mu kaɗe abinmu.

A ranar nan Inna ta aika masa da daddawa cikin ganye. Na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan kwana tara na ga an shafa jan fenti a jikin ɗorawar. Ba ita kaɗai ba, har darbejiyoyi biyu da wata tsamiya da ke can ƙarshen filin. Masu aikin bulo suka ce mini Alhaji Khalilu ya sayar da itatuwan wurin gaba ɗaya ga masu kai itace gidajen burodi.

Na same shi a rumfarsa ta bakin titi, yana cin gyaɗa, waya biyu a gabansa. Na gaishe shi har ƙasa. Na ce Malam Tajuddeen ya yarda a bar bishiyar.

Ya ce, “Shi a wa? Ƙasa na sayar masa, ban sayar masa da bishiya ba. Kai ɗan ƙauye ne, ai ka fi ni sani, ƙasa daban itace daban.”

Wallahi ashe ya sani. Ya san al'adar sarai. Da zai saya a wajen Kawu sai ta ɓace masa, gona da duk abin da ke cikinta. Da zai sayar kuma sai ta dawo. Na ce masa in dai ƙasa daban itace daban, to shi ma ƙasa ya saya. Mutanen rumfar suka kwashe da dariya, wani ya ce yaron nan lauya ne. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce in kawo takardar Inna.

Na tafi wajen mai unguwa, ya tura ni wajen dagaci. Dagaci ya saurare ni da kyau, ya ce gaskiyar Asiya ce, shi kansa yana wurin aka yi rabon. Ya sa ranar Alhamis a zauna, ya aika wa Alhaji Khalilu cewa kada a taɓa komai kafin nan.

Laraba da hantsi ina gyaran danga na jiyo ƙarar injin yanka. Na yar da abin da ke hannuna na ruga. Kafin in isa sun ci fiye da rabin gindin. Na yi musu magana suka kashe injin, amma babbansu ya nuna mini yankan, ya ce ko ya bari yanzu iska ce za ta kayar da ita, wataƙila a kan wani. Ya ce su da asuba aka kira su aka ce lallai yau. Ina tsaye suka ƙarasa. Da ta faɗi sai da ƙasa ta motsa a ƙafata.

Ban san wa ya gaya wa Inna ba. Na dai gan ta tana tahowa tsakanin turakun siminti, ba ta sauri. Ta tsinki ɗa ɗaya daga reshen da ke ƙasa, ta ɓare da farce. Ciki fari ne, ruwa-ruwa, kalwar ba ta ƙulla ba. Saura kamar mako biyar ta nuna. Ta yar, ta hau gungumen ta zauna, ta gyara mayafinta.

Ta ce wa masu yankan, “Kun gama aikinku. Itacen nawa ne. Ko tsinke ba za ku ɗauka ba.”

Suka buga wa Alhaji waya, bai ɗauka ba. Suka jira har azahar, sannan suka loda darbejiyoyin da tsamiyar suka tafi.

Ranar Alhamis aka zauna kamar yadda aka sa. Alhaji Khalilu bai zo ba, ya turo wani da haƙuri, wai yaran ne ba su fahimci saƙo ba. Dagaci ya yanke cewa ɗorawar ta Asiya ce, a gaban shaidu, har aka rubuta aka buga hatimi. Magatakardan dagaci ya miƙo mini takardar da hannu biyu. Na tambaye shi wace ɗorawar, ya juya ya shiga tattara takardunsa.

Kwana huɗu na yi ina jidar itacen. A rana ta biyu Kawu Inuwa ya zo da amalankensa, ya tsaya daga nesa, ya ce wa Inna ya kawo a taimaka. Ta amsa sallamarsa, ta tambaye shi iyali. Sannan ta juyo ta ce mini, “Fatihu, je gidan maƙwabcinmu Malam Abdussalam ka aro nasu amalanken.”