Tagar da Aka Buga wa Ƙusa

"Malama, don girman Allah ki ajiye gudumar nan!"

Auta ta riƙe mata hannu gam. Malama ta riga ta hau kan kujera, ta kai bakin gudumar jikin tagar. A bayansu Baba Kafinta na kwance kan gadon da ya ƙera da hannunsa, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan zarto cikin ɗanyen itace.

"Iska ubanki yake nema, ke 'yar nan. Ba ki jin sa ne?"

"Ina ji. Kwana uku ke nan ban ji wani abu ba sai shi. Amma kin san takardar da muka sa wa hannu. Duk wanda ya taɓa fuskar gida, wata uku za a ba shi ya tashi. Ina zan kai yarana?"

Malama ta sauko tana tsaki. Fanka na ta juya zafin ɗakin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗaki ɗaya ne mai kallon lungu, sauran duk sun jingina da bangon wasu gidaje. Sun taɓa fitar da shi ƙofar gida ya sha iska, nan da nan baƙi masu yawon buɗe ido suka kewaye shi da wayoyi suna ɗaukar hoto, shi da bargo da robar tofa kaki. Tun ranar ya rantse ba zai sake fita ba.

Shekara arba'in da ɗaya ƙofar Malama na kallon tasa. Ita ta koya wa rabin unguwar karatu, shi ya yi musu ƙofofi da gadaje. Sai shekara biyu da suka wuce ofishin raya tsohuwar unguwa ya shigo da aiki. Gaskiya ɗaya ce, Malama ba ta ɓoye ta: kwata ta daina wari, fitilu sun kama, matasa sun samu abin yi. Amma an hana shanya a waje, an yi wa kowace taga shuɗin fenti iri ɗaya, har mutum ya dawo daga kasuwa ya rasa gidansa.

Lokacin Baba yana asibiti aka iso tagarsa. Masanin da aka ɗauko ya tura ta waje, ta ƙi. Ya jawo ta ciki, ta ƙi. Ya rubuta cewa ta mutu saboda tsufa. Aka buga mata ƙusa huɗu daga waje, aka bi ta da fenti, aka liƙa allo a gefenta cewa ta shekara ɗari uku. Ranar da Baba ya dawo Malama ta karanta masa allon, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shi ya yi tagar, shekarar da aka haifi Auta, da katakon akwatunan sabulu. Ba turawa ake yi ba, sama ake ɗaga ta, don lungun ya yi ƙunci, ƙyaure mai buɗewa waje sai ya fasa wa mai wucewa goshi.

"Bari in je ofishin," in ji Malama. "Kada ya yi komai kafin in dawo."

Baba ya buɗe ido ɗaya. "Zan jira izini, Malama. Ai yanzu komai da izini."

Ta fita tana sauri irin na mai shekara saba'in, wanda zuciya ke gaba ƙafa na baya. Ta ratsa masu sayar da ƙananan kofuna da hoton lungun a jiki. Ta kauce wa wata da ta tsaya tsakiyar hanya tana yi wa wayarta murmushi.

Jami'in da ke kula da unguwar ɗalibinta ne, ta san shi tun yana rubuta sunansa a juye. Ya miƙe tsaye da ya gan ta. A bangon bayansa akwai babban allo da fuskoki masu dariya, an rubuta cewa cikin baƙi ɗari, casa'in da biyu sun gamsu.

"Malama, da kanki? Ai da kin aiko."

"Wa zan aika? Duk kun maida su masu rakiyar baƙi. Tagar Baba Kafinta nake so a buɗe. Yau."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda. "Sai a cike wannan. Kwamiti na zama ƙarshen wata."

"Yau sha ɗaya ga wata. Likita ya ce a maida shi gida, ka san ma'anar wannan, ko shi ma sai na rubuta maka a allo?"

"Wallahi na sani, Malama. Amma in na buɗe ɗaya, gobe kowa ya ɓalle tasa ya sa gilashi. Cikin shekara goma unguwar ta tafi. Mu abin da zai ɗore muke so."

Ta san akwai gaskiya a maganarsa, abin da ya ƙara mata haushi ke nan.

"To ka ji abin da ya ɗore. Tagar nan taku mai shekara ɗari uku, ni na riƙe masa katakon yana yanka. Har yanzu in ka kankare fentin za ka ga sunan sabulun."

Ya waiwaya ƙofa, ya sassauta murya. "Don Allah kada ki faɗi wannan a waje. Ita aka fi ɗauka a hoto."

Malama ta nuna allon da haɓa. "Takwas ɗin da ba su gamsu ba, me ya dame su?"

"Zafi. Wai babu iska a lungun."

"Su nasu zafin na awa ɗaya ke nan," in ji ta. Ta bar masa takardarsa kan tebur.

Da ta dawo, Auta na kicin tana dafa ruwa. Baba ya ƙara zurmawa cikin matashi, leɓunansa sun bushe. Ya yafito ta da yatsa, ta sunkuya.

"Ba su ba ki ba."

"Ƙarshen wata."

"To zan faɗa miki wani abu, don kada in tafi da shi. Amma ki riƙe bakinki, in za ki iya." Ya huta. "Ƙusoshin nan ba su kama komai ba. A katakon gefe suka buga su, wanda dama ba ya motsi. Fenti ne kawai ya riƙe ta, da ɗan turken itace a ƙasa, nan ciki."

Malama ta miƙe zumbur. "Shekara biyu? Kana nan kana dahuwa, ka san haka, ka yi shiru?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

"Kai dai tsohon nan, taurin kanka ya fi katakonka!"

"In ta buɗu, za su gani. Ni na kusa gama zamana. Ita fa? Gidan nan kaɗai na bar mata. Ki bar ta a rufe."

Ba su ji shigowar Auta ba. Tana tsaye bakin ƙofa da kofi a hannu, ruwan na zuba kaɗan-kaɗan kan yatsunta, ba ta ko ji zafin ba. Ta ajiye kofin. Ta koma kicin. Malama ta ji ana buɗe aljihun cokula, ana rufewa, ana sake buɗewa. Sai ga ta da wuƙar yanka albasa.

"Auta," in ji Baba. "Na ce a'a."

"Na ji, Baba. Ina turken yake?"

"Yaranki..."

"Su ma a ɗakin nan suke kwana. Ina yake?"

Ya daɗe yana kallonta. Sannan kafinta ya rinjayi uba.

"Hagu. Ƙasa. Kada ki yanka da tsini, za ki ji wa katakon ciwo. Kwantar da wuƙar. Bi layin a hankali. Malama, ke riƙe ƙasan, da tafin hannu, ba da farce ba."

Fentin ya riƙa tsagewa yana zubowa. Daga waje suka ji takun mutane da muryar mai rakiya, yarinyar mai wanki ce ta ƙarshen lungu, tana rera abin da ta haddace.

"Wannan ita ce taga mafi tsufa a unguwar. Masana sun tabbatar rabon da a buɗe ta..."

Auta ta zare turken. Suka ɗaga tare. Tagar ta yi ƙara ɗaya, sannan ta zame sama sumul, kamar jiya aka rufe ta.

Fuskoki kusan ashirin suka bayyana. Wani ya fara tafa hannu, wasu suka taya shi. Mai rakiyar ta leƙo, ta hango gadon, ta katse haddar. "Ku zo mu wuce," ta ce musu da wata murya, tata ta gida. "Ku sauke wayoyin. Ku wuce."

Iskar ba wata mai yawa ba ce. Ta dai shigo, da ƙanshin burodi daga wani wuri da hayaniyar titi daga nesa. Baba ya ja ta, ya sake ja. Suka ɗaga masa matashi ya ga lungun. Idonsa ya tsaya kan gidan Malama.

"Wa ya maida miki ƙofar nan?"

"Su."

"Ta karkace," in ji shi. "Yatsa guda, ta dama."

Bai sake magana ba. Kafin rana ta bar bangon gidan Malama, zarton da ke ƙirjinsa ya tsaya. Auta ta kira shi sau biyu, ta kira na uku a hankali, sannan ta ja zane ta rufe shi.

Jami'in ya iso ana cikin haka, labari ya riga ya kai masa. Ya tsaya a lungun, takarda a hannu, ya duba ƙusoshinsu huɗu, duk suna nan inda aka buga su. Ya leƙo ciki, ya cire hularsa.

"Allah ya jiƙansa. Auta... sai dai gobe a rufe ta."

"Gobe ka zo ka tambaye ni," in ji Auta, ba ta juyo ba.

Ya juya ya tafi. Malama ta jawo kujera kusa da gadon. Iska ta watsa ɓarɓashin shuɗin fenti a kan farin zanen, ta zauna tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a tafin hannunta.