Jinyar Ɗiyar Fari

Sista Folasade ba ta da wasa, kuma wallahi a lokacin haushinta nake ji. Ɗiyar wani Bayarabe ce mai sayar da atamfa a kasuwar Funtuwa, nan aka haife ta, in ta tashi yi maki faɗa da Hausa sai kin rasa inda za ki sa kanki. Ita ke koya mana aikin jinya a shekarar 1982, da aka tura mu ɗalibai wani ƙaramin asibiti mu ga aiki da idonmu.

Karatunta na ɗakin haihuwa kullum ɗaya ne. "Mace in ta haihu, jini ke kashe ta, kuma a ɓoye yake zuba. Kada ku tsaya tambayar mai zaman jinya. Ku ɗaga zane ku duba!" Mu kuwa, marasa kirki, sai mu koma bayan ɗaki muna kwaikwayon muryarta muna dariya.

Ran nan da hantsi aka kawo wata mai naƙuda, Mairo, daga Tsiga a bayan motar auduga. Ta sauka lafiya, namiji. Mahaifiyarta, Inna Tsohuwa, ce ta rako ta. Mairo ɗiyar farinta ce, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, balle ta nuna ta damu da shi. Don haka ta shimfiɗa tabarma a gindin gado, ta ba gadon baya, ta rungumi jaririn.

Ni an tura ni dafa allurai, ƙawata Adaku aka ba kula da Mairo. Adaku tashin Malumfashi ce, a cikin Hausawa ta girma har ta fi mu kunya. Ta tarar Mairo ta lumshe ido, lulluɓe da zane har wuya. Ta kai hannu za ta ɗaga, sai ta ga tsohuwa a zaune. Yaya za ta buɗe tsiraicin mace a gaban uwarta? Ta janye hannu, ta durƙusa.

"Inna, yaya jikin nata?"

"Tana nan," in ji Inna Tsohuwa, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Adaku ta tafi da zaton barci Mairo take yi.

Bayan azahar na jiyo ihun Sista, na rugo. Innalillahi! Jini ya jiƙa katifa, yana ɗiga ƙasan gado. Sista ta hau murza cikin Mairo, aka sa mata ruwa, aka aika kasuwar auduga a nemo mijinta Aƙilu da 'yan'uwansa su ba da jini. Kafin su iso, rai ya yi halinsa.

Na ɗauka Sista za ta mari Adaku. Ko kallonta ba ta yi ba. Sai ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, ba ki ji komai ba?"

"Na ji, ɗiyata. Tun kafin kiran salla na ji numfashinta ya sake. Ina ta kallon ƙofa, ina cewa yarinyar nan za ta dawo." Ta sunkuyar da kai. "Ni da bakina in ce ku zo ku duba mini ita, a gaban matan ɗakin nan? Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita."

Ranar na fara ganin hawayen Sista Folasade. Ta juyo gare mu, muryarta a dushe.

"Kun gani. Wannan ba rashin so ba ne. Daga yau in uwa ta zo jinyar ɗiyar fari, ku ɗauka wannan gadon ba kowa a kansa sai ku."

Inna Tsohuwa ta miƙe da ƙyar, ta miƙa wa Adaku jaririn.

"Riƙe mini shi. Don Allah ku ɗan ba mu wuri."

Muka ja labule muka fita baranda. Daga nan muka ji gadon ya yi ƙara, tsohuwar ta zauna a bakinsa, sannan muryarta ƙasa-ƙasa.

"Sannu, kin ji? Sannu da ƙoƙari. Kin sha wuya, duk ina jin ki."