Tukunya a Shafi na Tamanin da Shida

Da Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnati, sai ya zauna ya rubuta maƙaloli goma sha biyu kan rayuwarsa. Rubutun Baba kuwa, Allah ya ba mai karatu haƙuri, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi. Ni aka ɗora wa tsara littafin a kwamfuta, don haka na ce bari in tausaya wa jama'a. Na sa 'yan alamomi a gefen kowane sakin layi: jaka in maganar ofis ce, jirgi in tafiya ce, fitila in darasi ne, tukunya in zancen iyali ne. Mai neman abu ya bi alamarsa kawai.

Ranar Laraba na kawo samfurin, ranar Juma'a za a kai maɗaba'a. Baba ya duba, ya yaba, ya miƙa wa Mama.

Mama ba ta son dogon karatu, tabarau ma sai an sha fama take sawa. Ta ce, "Suhaila, wacce ce tamu?"

"Tukunya, Mama."

Ta lashi yatsa ta fara buɗe shafuka. Jaka, jaka, jirgi, jaka. Ni na manna su da hannuna, amma wallahi sai yanzu na ga abin da na aikata. Baba ya miƙe, ya leƙa taga, ya ce mangwaron nan yana son a rage masa rassa. Ya zauna, ya sake miƙewa. Ya ɗauki makullin mota, ya ajiye. Ni kuma ina ta gyara labulen da babu abin da ya same shi.

Sai a shafi na tamanin da shida ta ci karo da tukunya. Da kanta ta ɗauko tabarau. Layi biyu ne, kan shekarar da ya sami gidan nan na Nassarawa: "Na taso da iyali daga Gama." Ta buɗe har bangon ƙarshe, babu wata. Shekara arba'in da aure, ko sunanta babu.

Baba ya yi gyaran murya. "Suhaila, cire zane-zanen nan, sun mai da littafin kamar na 'yan firamare."

Mama ta naɗe tabaranta a hankali.

"A'a, Alhaji, a bar su. Sun rage mini wahala. Ba don su ba, da sai na karanta duka kafin in san ba na ciki."