Ƙullin Bahago

Tsoho ya daɗe a duniya har mutane sun daina tambayar shekarunsa, sun koma tambayar ko yana nan. Yana nan kuwa. Ya binne matarsa, ya binne sa'o'insa kaf, ya binne biyu daga cikin 'ya'yansa maza, kuma har yanzu in gari ya waye sai a fito da shi gindin bishiyar ƙofar gida. A nan yake zama kan kujerarsa da aka ɗaure wa ƙafa da waya, yana ba da umarnin gona kamar yana kallonta, alhali idon ya tafi tuntuni.

Babban ɗansa, wanda ake kira Dogo, ya haura saba'in. Furfura ta cinye kansa, jikokinsa sun fara aure. Tun bai kai tsayin ƙotar fartanya ba yake bin bayan uban a gonar nan, bai taɓa kwana a wani gari da damina ba. Amma a bakin Tsoho ba shi da wani suna sai “yaron nan”. Yaron nan ya gyara shinge. Yaron nan ya kai taki. A ce wa yaron nan ruwa ya kusa, kamar shi ba ya ganin hadari.

Duk wannan Dogo ya shanye. Abu ɗaya yake jira, wuƙar iri.

Gidan suna da dawarsu, gajeriya ce ja, ba ta wuce kafaɗar mutum ba. Kakar Tsoho ce ta zo da ita a bakin zane a shekarar wata yunwa da ta tashe su daga inda suke da. A hanya ta rasa ɗa, yunwa ce ta kashe shi, dawar tana ɗaure a ƙugunta ba ta kwance ba. Da ita suka kafa gidan. Tun daga nan, duk shekara in dawa ta nuna, kafin a sa mata hannu, mai gidan yakan shiga gona shi kaɗai, ya bi kara-kara, duk zangarniyar da ta yi masa sai ya ƙulle ganyenta na sama. Ranar girbi waɗannan ake fara yankewa da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, a rataye su saman murhu hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Wanda ya riƙe wuƙar shi ne mai gona. Kakar ta ba ɗanta da ya rayu, ɗan ya ba Tsoho, Tsoho kuwa ya riƙe abarsa kamar da ita aka haife shi.

Bana ƙafa ta ƙi, kowa ya san ba zai iya shiga gona shi kaɗai ba. Dogo bai ce wa kowa komai ba, amma ran da ya ga dawa ta yi jawur sai ya wanke rigarsa.

Da safe Tsoho ya daki ƙasa da sanda ya ce, “Auta! Ina Auta? Kawo kafaɗarka, yau za mu ƙulle iri.”

Auta shi ne ƙaramin cikinsu. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota gari-gari, sai da baya ya ƙi masa sannan ya dawo gida da tumbi da labarai. Bai san gona ba sai ta gefen titi. Amma in ya zauna gindin bishiya yana kwaikwayon kukan birki da muryar 'yan dako, Tsoho yakan yi dariya har ya ƙware. Dogo kuwa, tsawon rayuwarsa bai tuna ranar da ya taɓa ba uban dariya ba.

Ya matso cikin wankakkiyar rigarsa ya durƙusa. “Baba, ga ni.”

“Wane ne?”

“Ni ne, Baba.”

“Au, yaron nan. Ka duba garken awaki, an ce ƙofar ta ɓalle.”

Auta ya zo yana goge baki. “Yaya, kada ka damu. Tsawonka ne ya cuce ka. In Baba ya ce zai dafa kafaɗarka ai sai mun kawo masa tsani.”

Tsoho ya ƙyalƙyale. Dogo ya bi su da ido har suka shige cikin dawa, hannun uban a kafaɗar Auta, Auta yana magana, uban yana gyaɗa kai. Ya je ya gyara ƙofar garke, ya buga ƙusa har katakon ya tsage.

Da ya shiga gida ya ture kwanon da matarsa ta ajiye masa. Ita ma ta tsufa, kuma tsufan bai rage mata baki ba.

Ta ce, “Tsofai-tsofai da kai, kana kumbure-kumbure kamar yaron da aka yi wa ƙane. In wuƙa kake so ga tawa can ta yankan albasa.”

“Ke ba ki san komai ba.”

“Na san ka wanke riga da hannunka, abin da ban taɓa gani ba tun da aka kawo ni gidan nan.”

Dogo ya juya mata baya. A ransa yana lissafa abin da ya yi wa gonar: shekarar fari da ya ɗebo ruwa a ka ya raya kunya uku don kada iri ya mutu, shekarar da Tsoho ya karye ya noma gonar shi kaɗai, ranar da ya binne ɗansa da safe ya koma shuka da yamma don ruwa ba ya jira. A lokacin Auta yana ina? Yana can yana danna wa mutane hon.

Kashegari da tsakar rana, sa'ad da zafi ya kori kowa inuwa, Dogo ya zagaya ta bayan garke ya shiga gona. Abin da ya kai shi ba mai kyau ba ne, kuma ya sani. Niyyarsa ya kwance ƙullin nan ya mayar kan ƙananan zangarniyu marasa ƙwari, ranar girbi in an ɗora wa Tsoho su a cinya ya ji abin da ɗan gaban goshinsa ya ƙulle masa. Sai a ga wanda zai yi dariya.

Ƙulli na farko bai yi wuyar gani ba, ninki biyu ne an ja shi tam, irin na mai ɗaure kaya a mota. Dogo ya kai hannu, sai ya tsaya. Zangarniyar babba ce a ido, amma a bakin gona take, inda taki ya taru, ƙiba ce ta aro. Ya wuce ta biyu. Karan ya kwanta rabi, iska kaɗan ta ishe shi. Da ya lanƙwaso ta uku ya murza ƙwayar, sai ta fashe, baƙin gari ya ɓata masa yatsa. Burtuntuna ce, ciwon dawa mai kumbura ƙwaya ya cika ta da baƙar ƙura. A hannun da ya daina ji sosai za ta yi kama da ƙwaya mai kyau. Ya bi kunya bayan kunya, kusan duk haka suke.

Ya tsaya cikin rana, gumi na bin bayansa. Ashe ba sai ya ɓata komai ba, an riga an ɓata. Hannun Tsoho ya bi sahun idonsa ya mutu, Auta kuwa duk inda aka ce ƙulla sai ya ƙulla. Abin da ya rage wa Dogo ya koma gida ya kwanta, ya jira ranar girbi. Wani daɗi ya taso masa, har ya juya ya kama hanya.

Bai kai bakin gona ba ƙafarsa ta yi nauyi. In aka rataye waɗannan aka shuka baɗi, ciwon zai bi gonar duka. Dawar da kakar nan ta ƙi kwancewa ɗanta yana mutuwa a bayanta, a hannunsu za ta ƙare. Ya yi tsaki, ya zagi Auta, ya zagi motar da ta dawo da shi, sannan ya koma.

Ya kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Ya nutsa tsakiyar gona inda ƙasa ba ta da gata, yana neman karan da ya tsaya da ƙafarsa, zangarniyar da ta cika ta matse, ƙwayar da in ka ciza sai ta yi ƙara. Abin da ya yi shekaru yana zaɓa da ido daga nesa, yau ya zaɓa da hannu. Da fari ya yi ta kwaikwayon ƙullin Auta. Da aiki ya yi daɗi ya manta, hannu ya koma halinsa. Dogo bahago ne, ƙullinsa murɗa ɗaya ce ta hagu a soke bakin ganye. Yana yaro Tsoho ya sha dukan hannun nan da kara, bai daku ba.

Ranar girbi aka shimfiɗa tabarma gindin bishiya, gida ya taru, 'ya'ya da jikoki da surukai. Tsoho ya ba Auta aron wuƙa ya shiga ya yanko duk mai ƙulli. Auta ya fito da dami a kafaɗa yana nishi, ya zube gaban uban.

Tsoho ya ɗauki zangarniya ɗaya ya auna nauyinta a tafi. Ya ɓantari ƙwaya ya kai wa haƙoran da suka rage masa, ta yi ƙara. Ya ɗauki wata, ya sake ɗaukar wata. Fuskarsa ta saki.

“Rabon da in ji irin wannan tun uwarku tana da rai,” in ji shi.

Dogo ya kasa kunne. Yana tsaye bayan mata, hannuwansa a baya.

Sai babban yatsan Tsoho ya gangaro kan ganye ya sami ƙullin. Ya tsaya. Ya shafa shi, ya bi murɗar da farce, ya laluba na biyu, ya laluba na uku. Dogo yana kallon yatsan nan, ya ga lokacin da uban ya gane. Murmushin ya janye daga fuskar a hankali. Tsoho ya ɗaga kai, makafin idanunsa suka nufi daidai inda Dogo yake tsaye, kamar wani ya nuna masa.

Dogo ya tsaya yana jira. Kalma ɗaya daga bakin uban ta isa. Ya ce ɗana, ko ya ambaci sunansa, ko ma ya zage shi ya ce wa ya aike ka bayana. Duk zai karɓa. Amma ya san uban da ya haife shi. In Tsoho ya ce wannan ƙullin Dogo ne, ya faɗa gaban jikokinsa ke nan cewa nasa zaɓen bai yi ba, an bi bayansa an gyara. Mutumin da ya riƙe gona tsawon wannan zamani ba zai faɗi haka ba ko za a yanka shi.

Tsoho ya sauke kai. “Hannuna bai mutu ba,” ya ce da ƙarfi. “Kun ji ko? Masu jiran ya mutu su ƙara haƙuri.” Ya lalubo wuƙar a kan tabarma. “Auta, matso. Ka bi ni yadda na ce, ba ka yi mini gardama ba. Riƙe. Daga yau taka ce.”

Mata suka ɗau murna. Auta ya karɓa da hannu biyu, ya kasa ko wasa ɗaya. Matar Dogo ta dubi mijinta.

Tsoho ya ƙara da cewa, “Yaron nan ya riƙe masa tsani, kada ya faɗo da wannan tumbin.”

Ɗakin girki duhu ne, bangon ya yi baƙi da hayaƙin shekaru. Dogo ya jingina tsani ya dafe. Auta ya hau mataki biyu da dami a hannu, ya tsaya, ya sunkuyo.

“Yaya,” ya ce ƙasa-ƙasa, “wannan ba ƙullina ba ne. Tun a gona na gani.”

“Hau.”

“In je in faɗa masa?”

“Ya sani.”

Auta ya mayar da damin kafaɗa. Ya zaro wuƙar daga aljihu ya miƙo ƙotar. “To karɓi. Ni me zan yi da ita? Ban san dawa ba sai a buhu.”

Dogo ya dubi ƙotar ƙahon, ta yi santsi da hannun mutum uku. Tun yana yaro yake son ya ji ta a tafinsa. Hannunsa na hagu ya saki tsani ya ɗan taso, sannan ya mayar da shi.

“Ba daga hannunka nake so ba,” ya ce. “Mayar aljihu. Kuma ba nan ake ratayewa ba, wawa, wuta za ta gasa shi. Matsa can inda hayaƙi ke bi.”

Auta ya matsa. Daga waje suna jin sandar Tsoho tana dukan ƙasa, yana tambaya ko an gama, ko Auta ya sauko, ya zo ya ƙarasa masa labarin motar da ta ƙwace a kan tudu. Dogo ya ƙara danne tsanin da ƙafa, hayaƙi yana shigar masa ido, bai kawar da kai ba.